Motar da Ba Ta Sallama

Khairiyya ko koko ba ta iya sha ba da safen nan, don zumuɗi. Babanta ya ce ba za ta riƙa tuƙa kanta daga Kazaure zuwa wurin aikinta a Gwiwa ba, sai ƙaninsa Baffa Daudu, wanda ya tsufa a kan sitiyari, ya zauna a gefenta ya ga hannunta. In Baffa ya ce a'a, shi ke nan, ta koma jiran motar haya a tasha, mukulli kuma ya koma aljihun yayanta.

Motar kuwa abar so ce, irin mai haɗa fetur da batir. In an rage gudu sai injin ya kashe kansa, ta riƙa silalewa shiru kamar kyanwa. Suna fita daga layinsu Baffa ya zabura.

"Ke, ta mutu!"

"Ba ta mutu ba, Baffa, batir ne ke jan mu. Duba allon nan, ko ɗigon mai ba ma sha."

Baffa Daudu mutum ne da ɓarnar fetur ta fi ciwon haƙori yi masa zafi. Ya ɗora tabarau, ya leƙa allon, ya washe baki. "Ikon Allah! To haka nake so ki riƙe ta, 'yata. Direban kirki a tankinsa ake gane shi."

Daɗi ya kama Khairiyya har kunne. Ta wuce duwatsun bayan gari, ta rage wa garken shanu gudu tun daga nesa, Baffa sai gyaɗa kai yake. A ranta ta riga ta ci jarrabawa.

Ashe ranar kasuwar Gwiwa ce. A bakin gari ta tarar da dattawa uku a tsakiyar hanya suna tafe suna hira, ɗaya na tura keke da buhun gyaɗa. Ta bi bayansu a hankali. Babu wanda ya waiwayo, don mutanen nan da kunne suke ba mota hanya, wannan kuwa ko tari ba ta yi. Hannunta ya kai kan hon, sai ta gane na tsakiyar Malam Yakubu ne, aminin babanta. Ita wace ce da za ta danna wa sa'an mahaifinta hon? Ta janye hannun, ta soma raɓawa ta gefensu.

Kwatsam Malam Yakubu ya kauce wa taɓo, ya faɗo daidai gaban motar. Khairiyya ta taka birki da duk ƙarfinta, hular Baffa ta yi tsalle ta faɗa ƙafarsa. Saura ƙiris! Dattijon kuwa bai ma san an yi ba, hirarsa yake.

Nan da nan ta danna maɓallin da ke tayar da injin. Mota ta yi ruri, dattawa suka waiwayo, suka matsa gefe, Malam Yakubu har da ɗaga hannu yana sa albarka. Haka ta ratsa kasuwar da injin a kunne, allon yana nuna mai na tafiya. Baffa ya kalli allon, ya kalle ta. Kallon nan ya tsorata ta ƙwarai.

A ƙofar wurin aikinta ya fito, ya karkaɗe hularsa, ya daɗe yana gyara mata zama a kansa.

"Baffa, na ƙona man," ta ce da ƙaramar murya.

"Na gani, kuma ya yi mini ciwo. Inda babu mutane ki lallaɓa da batirinki yadda kike so. Amma in kin shigo gari, ki bar motar ta yi sallama."

Ya ɗaga wa wani ɗan acaɓa hannu.

"Baffa, ina za ka? Ai tare za mu koma!"

"Tasha zan je. In kin tashi aiki, ai kin san hanyar gidanku."