Barewar Mashayar Arewa

Ina da shekara arba'in da shida na fara riƙe baka. Aikina tuƙin motar 'yan makaranta ne a garinmu Rawlins, kuma tun da mijina ya rasu, in an yi hutu sai in ƙule a ɗaki. Yayana Delbert ne ya ce in fito ya koya mini harbi. Shi tun yana saurayi yake farauta da kibiya, duk garin an san hannunsa. Shekara guda cur ina harbin damin ciyawa a bayan gidansa, yana tsokanata wai Auta ta fi ƙwarewa a harbin katangar maƙwabta. Sai da na iya zuba kibiya biyar wuri ɗaya daga taku arba'in ya ce to, na isa in nemi barewa.

Barewar ƙasarmu ba a cim mata da sanɗa. Fili ne fetal babu bishiya, ita kuma tana hango mutum tun yana ɗigo a nesa. Mai baka sai dai ya jira ta a bakin ruwa. Don haka na je wurin Baba Aguirre, wani tsoho mai kiwon tumaki a kudancin gari, na roƙe shi izini. Ya ce ba ya barin kowa ya shiga filinsa, amma tunda ni na yi shekara tara ina kai jikokinsa makaranta, in shiga, ni da yayana kawai.

Mashaya biyu ce a filin. Ta kudu ɗan tafki ne, ta arewa kuma famfo ne mai aiki da iska. Yuni da Yuli kusan kullum ina kwance a kan wani tudu da madubin hangen nesa, har na gane wani ƙaton namiji mai baƙar fuska da ke zuwa ta arewa da hantsi. Yakan tsaya ya daɗe yana dube-dube kafin ya sa baki a ruwa. Saura mako uku a buɗe lokacin farauta na kafa ɗan tantina kusa da famfon don su saba da ganinsa. Duk abin da na gani sai na gaya wa Delbert, har lokacin zuwan da ɓangaren da yake ɓullowa.

Ana gobe buɗewa ya kira ni. Ya ce iska za ta juya, za ta kai warina kan ruwan, kuma in namijin ya shaƙa sau ɗaya ba zai sake dawowa ba. Ya ce ranar farko in zauna a tafkin kudu, ya kafa mini tsohon tantinsa a can. Shi yana da aiki, ba zai samu zuwa ba. Na yi masa godiya.

Na shiga tantin kafin rana ta fito. Da gari ya waye na ga tafkin ya kusa ƙafewa, laka ce ta tsattsage da ɗan ruwa a tsakiya. Kafin tsakar rana tantin ya zama tanda. Ƙudaje suka dame ni, ruwan gorata ya yi ɗumi, gumi na shiga mini ido. Awa tara ina zaune da kibiya a kan tsirkiya, ban ga komai ba sai wata ƙura can nesa. Iskar ma ko motsi ba ta yi. Da na gaji na ce bari in bi ta arewa in leƙa tantina daga kan tudu.

Motar Delbert na fara gani, da wata sabuwa fil a gefenta. Na gangara. Namijin yana kwance a bayan sabuwar motar, an farke cikinsa an cusa ƙanƙara. Wani mutum cikin sababbin kayan farauta ya miƙo mini hannu yana fara'a, ya ce sunansa Hargrove, shi ne ogan Delbert a kamfanin gas, kuma shi ya harbe shi. Ya ce yayana mutum ne, ya ƙare damina yana yi masa gadin wannan dabba, har lokacin zuwanta ya sani. Kujerar da na bari a tantina tana waje, da gwangwanin lemo a kanta.

Delbert ya ja ni gefe. Ya ce ana rage ma'aikata, shi kuma shekararsa hamsin da takwas, ba wanda zai sake ɗaukarsa.

"Barewa ce fa, Auta, ga su nan cike da daji. Kuma farkonki ne, da kin gan shi hannunki rawa zai yi."

"Yaya, da ka tambaye ni."

"Da kin ba ni?"

Na tsaya na yi tunani, don ba na so in yi masa ƙarya. "Da na ba ka," na ce.

Na naɗe tantina a gabansu, na saka a mota.

Daga nan gidan Baba Aguirre na wuce, tunda da sunana baƙo ya shiga filinsa. Ya saurare ni har na gama, ya zuba mini kofi, ya ce zai canza kwaɗon ƙofar filin. Makulli ɗaya zai bayar, kuma nawa ne.

Na koma na sake kafa tantina a ta arewa, na yi kwana shida a jere. A na shida wani ƙaramin namiji ya zo, ƙahonsa bai fi tafin hannu ba. Hannuna ya yi rawa sosai, na sauke bakan, na numfasa, na sake ja. Ya yi gudu kaɗan ya faɗi. Ni kaɗai na feɗe shi a cikin rana, na ɓata wani ɓangare na cinyar saboda ban iya ba, ina yi ina kuka.

A watan Nuwamba aka sallami Delbert duk da haka. Matarsa ce ta gaya mini. Na kira shi na yi masa jaje, muka taɓa maganar sanyi da tayoyin mota. Da ya fara cewa, "Auta, game da ranar nan," sai na ce masa yaran makaranta suna jirana a bakin hanya. Kuma da gaske suna jirana.