Shafin da Ya Manne da Bango

"Ina shafin farko? Bostiaw, ina shafin kakana?"

Yayana Hipolito ya maka littafin a kan tebur har gwangwanin gam ya kife. Ni ina tsaye a bakin shagon, lemata na ɗigar ruwa, ina kallon mutumin da ya shekara sittin yana taƙama da littafin da bai taɓa karanta layi ɗaya a cikinsa ba.

Tarihin yaƙe-yaƙen Fotugal da Sifen ne, wani mutumin Ingila ya mayar da shi Turancinsu shekara ɗari uku da suka wuce. Mu ba tarihin ne ya dame mu ba. Shafin farko danshin damina ya manne shi da bangon littafin tun kafin a haifi mahaifinmu, sai ɗan gefen da ya ɗago, inda ake ganin sunan kakan kakanmu, Kayetano Noronha. Gidanmu kaf an yarda cewa asalinmu ne rubuce a ƙarƙashi, shaidar cewa mu muka kafa ƙauyen. Gobe bikin sabuwar shinkafa, kuma jikan mai kafa ƙauye kaɗai ke riƙe lauje ya yanki damin farko bayan Fada, limamin cocinmu, ya sa albarka. Bana 'yan gidan Barreto, abokan hamayyarmu a ƙauyen, suka ce a kawo hujja. Shi ne yayana ya aika littafin nan birnin Margao, shagon Bostiaw, a yi masa jan bango mai ruwan zinare, wai kwamitin coci ya gani ya razana.

Bostiaw mai ɗinkin littattafai ko tashi bai yi ba. "Bhatkar, mai filaye, kai ka ce a sabunta. Duk mai ɗinki a Goa in zai sa sabon bango, sai ya cire tsohon, da duk abin da ya manne masa."

"Kakan nawa ne abin da ya manne, ɗan gam?"

"Rage murya, Yaya," na ce. "Masu kifi sun fara leƙe."

"Ke rufe min baki, Ermelinda!"

"Ai ban yar ba," in ji Bostiaw. Ya kwance katakon matse littafi ya zaro wata takarda mai launin shayi. "Na turara shi a kan tukunya, ya ɓare lafiya lau. Kyauta na yi maka wannan."

Yayana ya fizge ta. Ya kusantar, ya nisantar, ya juya ta. Tsohon rubutun Fotugis ne mai ƙafafu kamar na ƙaguwa. Ya ce ya manto tabaraunsa a gida. Tabaraun na kan hancinsa.

"Kawo," in ji Bostiaw. "Shekarata talatin ina ɗinka kundin coci." Ya gyara murya, da ƙarfi kuwa, har na waje su amfana. "Ni Kayetano, kuku a jirgin ruwan Turawan Ingila shekara tara. Kyaftin ya ba ni littafin nan saboda nauyinsa, in riƙa danne kifi mai gishiri. Da na sauka ban san kowa ba, Barreto ya ba ni wurin kwana a bayan rumbunsa. Allah ya saka masa."

Wata mai kifi ta fashe da dariya har kwandonta ya zame. Ni sai a lokacin na gane warin littafin da mahaifiyarmu take cewa ƙamshin tsufa ne, ashe na kifi ne.

"Ƙarya kake!"

"To karanta da kanka, Bhatkar."

Hipolito ya dube ni, wai in ce wani abu. Me zan ce? Ni ce ya hana auren malamin makaranta don wai kakansa masunci ne.

Ya sunkuya kan teburin, muryarsa ta koma ta mai roƙo. "Bostiaw, ɗan'uwa. Mayar da shi yadda yake. Manne shi da tsohon bangon, ka bar sunan kawai."

"Yau na zama ɗan'uwa? Ɗazu ɗan gam ne."

"Manne shi, don Allah! In na rasa laujen nan gobe, ba zan sake shiga coci ba."

Bostiaw ya ɗaga kafaɗa, ya dangwali gam ɗin da ya zube a tebur. Bai kai buroshi kan takardar ba, masu kifi suka dare gida biyu. Wata mace mai furfura ta shigo, takalmanta na Lisbon ta Fotugal, na'urar ɗaukar hoto rataye a wuyanta. Ba mu taɓa ganinta ba.

"Kada ka taɓa ta da wannan abin," ta ce. "Fada ya ce a nan zan sami takardar Noronha. Aikina karanta tsohon rubutu ne." Ta miƙa wa yayana hannu tana murmushi. "Perpetua Barreto. Jiya na sauka."