Shafin Buhun Barci

Maigidana mai walda ne. Shekara biyun ƙarshe na rayuwarsa ya yi su ne da wani kamfani mai kafa ƙarafan eriyar waya a kan duwatsu. In sun hau sai su yi sati uku, wani lokaci wata guda, suna kwana a tanti. Kamfani na ba kowa wani abu da suke kira buhun barci. Bargo ne aka ɗinke shi kamar buhu, da zif a gefe, mutum ya zura jikinsa ciki ya ja. Ba naka ba ne. In kun sauko ka mayar sito, wani ya ɗauka. Kuma ba a wanke shi, wai wanki na kashe abin da aka cusa a ciki.

A tafiyarsa ta uku ya dawo min da ƙazwa a tsakanin yatsu da ƙwarƙwata a ɗinkin wando. Na tsayar da shi a bakin ƙofa, na ce ya tuɓe a nan. Na tafasa ruwa na zuba kayan duka a ciki.

"Duba-gari ta fito aiki," in ji shi, yana susa yana dariya. Sunan da yake kirana da shi ke nan tun muna sabon aure, saboda ba na barin kwano ya kwana da datti.

"Mutum nawa suka kwana a buhun nan kafin kai?"

"Ban ƙirga ba. Amma akwai wani mai warin ƙafa, shi kam na san shi ko a duhu."

Ni tela ce, shekarata ashirin a kan keke. Na zauna na yi tunani, na ce ai riga ma ana yi mata shafi don kada ta taɓa fata. Zan ɗinka masa nasa buhun na yadi, marar nauyi, ya sa a cikin na kamfani. Jikinsa ba zai taɓa dattin kowa ba, zai ƙara masa ɗumi, in ya dawo in wanke.

Na tafi wajen mai yadin da na saba saye a hannunsa, na faɗa masa abin da nake so. Ya sauko min da bandir uku. Na farko mai santsi ne, in ka dunƙule shi ba zai cika tafin hannu ba. Na biyu mai gashi-gashi, irin na rigar sanyi. Na uku farin yadin auduga.

"In kan dutse ne, ɗauki mai gashin nan," ya ce. "Auduga na shan gumi. In ta jiƙe ba ta bushewa da wuri, sai ta riƙe sanyi a jikin mutum."

"Mai gashin nan in ƙwarƙwata ta shiga, wa zai gan ta? Kuma yana tafasuwa?"

"In kika tafasa shi ya mutu."

"To ba ni farin. Ni da yadi ba yau muka fara ba."

Ya auna min yadi huɗu.

A tsakar ɗaki na shimfiɗa yadin na ce Maigida ya kwanta a kai. Na bi gefensa da alli, daga kafaɗa zuwa dunduniya, na bar masa taƙi guda ta kowane gefe don juyi. Yana ta motsi wai alli na yi masa cakulkuli. Muna cikin haka Inna ta ɗaga labule. Inna mahaifiyarsa ce, ɗakinta na kallon namu, tun rasuwar mijinta take tare da mu. Ta ga ɗanta a miƙe a kan farin yadi, hannuwansa a gefe, ni kuma a durƙushe ina gwada tsawonsa. Ta saki labulen ta yi salati.

"Ke 'yar nan, me nake gani? Likkafani kike auna wa ɗana da ransa?"

"Shafi ne, Inna. Na buhun barci."

"Duk yadin da ke kasuwa, ki rasa na ɗauka sai fari?"

Maigida ya tashi zaune. "Inna, wanda ya mutu ai ba ya jin cakulkuli."

Ba ta yi dariya ba. Ta koma ɗakinta, ranar ko abincina ba ta taɓa ba.

Na ɗinka shi a yini ɗaya. Na ninka ɗinkin sau biyu don kada ya ɓarke, na bar gefe ɗaya a buɗe zuwa ƙugu don ya ji sauƙin shiga, na yi masa aljihu ta wajen kai inda zai cusa riga ta zama matashi. Na wanke, na goge, na ninke. Sannan na yi abin da nake yi wa duk kayan da na gama: na kama bakinsa da jan zare, ɗinki uku. Na koyi haka ne saboda masu kai kaya gida su sa su je unguwa, su dawo su ce bai yi musu ba. In zaren na nan, na san ba a sa ba. Hannuna ya saba, ko ban yi niyya ba sai na yi.

Da safen tafiyarsu Dogo ya zo da mota. Dogo shi ne direbansu, kuma tanti ɗaya suke kwana da Maigida. Na sa shafin a leda na miƙa masa a bakin ƙofa. Abin da na faɗa masa ina tune da shi kalma da kalma, don na maimaita shi a raina ya fi sau dubu.

"Ka ga farinsa ko? Kada ka kuskura ka shigar min shi da baƙin mai da toka. Ka yi wanka tukuna. In ka dawo min da shi kamar tsumman gareji, ni da kai ne."

"An gama, Duba-gari," ya ce. Ya sara min kamar soja, Dogo na dariya a mota.

Kwana goma sha tara bayan nan aka bugo waya daga asibitin garin da ke gindin dutsen. Sanyi ya kama masa huhu. Motarsu ta lalace a sama, sun yi kwana biyar ba hanyar sauka, yana ta zazzaɓi. Da aka kawo shi asibiti kwana ɗaya ya yi. Kafin mu isa an riga an rufe masa fuska.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. Sai dai duk wanda ya shigo gaisuwa, in ya zauna, za ta ce, "Ai tun kafin ya tafi aka auna shi." Ba ta kallona in ta faɗa. Mata su saci kallona ta gefen ido.

Maganar Inna na iya haɗiye ta, don na san farin yadi ba ya kiran ajali. Wadda ta hana ni sukuni ita ce ta mai yadi. Mutum mai zazzaɓi gumi yake yi. Ina rufe ido sai in gan shi a cikin audugar nan jiƙe sharkaf, iska na kaɗa tanti, yadin da na zaɓa da taurin kaina ya manne masa a ƙirji. Na rufe keken ɗinki da zane. Masu kaya suka zo suka karɓi yadinsu ba a yanka ba.

Sai bayan sati biyar Dogo ya zo, don kamfani bai sallame su ba sai da suka gama kafa ƙarfen. Da hantsi ne, ina shara. Ya shigo da akwatin ƙarfen Maigida a kafaɗa, ya sauke a tsakar gida, ya durƙusa ya gaida Inna. Ya rame, leɓensa duk a fashe. Na kawo masa ruwa, na jira ya sha, sannan na tambaye shi abin da na yi sati biyar ina jira.

"Dogo, tsakaninka da Allah. Shafin nan da na ɗinka masa, ya jiƙe a jikinsa?"

Ya kalli ƙasa. "Yaya, ki buɗe akwatin."

Na buɗe. Gilashin walda ne a sama, da safar hannu, da tufafin aikinsa masu ƙaurin ƙarfe. A ƙasa leda ta. Ta lotsa a tsakiya, daidai girman kan mutum. Na zaro shafin. Fari tas, karin guga na nan yadda na bar shi. Na juya bakinsa. Jan zarena na nan, ɗinki uku, ba wanda ya taɓa.

"Bai shiga ba?"

"Matashi ya yi da shi."

"Kwana goma sha tara?"

"Ruwan da nake hawa da shi na sha ne da girki da kwaɓa siminti," in ji Dogo. "Wanka sai an sauko. Ya ce ranar da ya yi wanka zai buɗe shi. Ana gobe za mu leƙa gari mu yi wanka, sai motar ta lalace." Ya goge fuska da hularsa. "Zif ɗin buhunsa ya lalace tun satin farko, iska na shiga. Da zazzaɓin ya yi tsanani na ce masa, mutumina, shiga abin nan, ko yaya ne zai rage. Ya ce, ka rufa min asiri, Dogo, dubi jikina. Duba-gari za ta kashe ni. Yana faɗa yana dariya, haƙoransa na kaɗawa."

Na tambaye shi, da ya shiga, da ya tashi?

"Allah ne ya sani, Yaya. Yadi ne fa, ba magani ba."

Bai ce a'a ba.

Inna ta miƙo hannu na ba ta shafin. Ta kai shi kusa da idonta, ta shafa zaren da babban yatsa. Ta san zaren, ta sha ganinsa a kayan mutane. Na jira ta ce wani abu game da awon da ta yi sati biyar tana faɗa wa duniya. Ba ta ce ba. Ta kai ledar hancinta, wajen da ta lotsa, ta daɗe a haka.

"Tun yana yaro haka yake," ta ce. "In aka ce kar ya ɓata, sai ya ƙi sawa." Ta ɗora shafin a cinyarta. "Ki warware ɗinkin ki ajiye min. Yadi huɗu zai rage wa masu wankana wahala."

Na dubi Dogo. "Za ku sake hawa?"

"Jibi. Wani dutsen, ya fi wancan tsawo."

"Buhunsa fa?"

"An mayar sito. Wani zai ɗauka."

"An gyara zif ɗin?"

Ya girgiza kai.

Na shiga ɗaki na yaye zanen da ke kan keke, na ɗauko almakashi. Na durƙusa gaban Inna na ce ta yi haƙuri, wannan ba na kwanciyar can ba ne, na barci ne, kuma ba a yi barci a cikinsa ba tukuna. Ta riƙe shi kaɗan, sannan ta saki. Na yanke zaren, ɗaya, biyu, uku. Na tsince guntayen na ƙulle a bakin zanena.

Dogo ya fi Maigida tsawo da kusan taƙi biyu. Na ce ya zauna ya jira. Ina da ragowar yadin, na ƙara masa a ƙasa. Ƙafata ta manta keken, sau biyu zare na tsinkewa. Ban wanke ba, ban goge ba, na dunƙule shi haka nan na miƙa masa.

"Yaya, ba zan iya ba. Nasa ne."

"Karɓi. Ka shiga da ƙafarka yadda take, da mai, da toka, da komai. In ya jiƙe ka shanya shi da rana. Kana jina?"

"Ina ji."

"In ka dawo min da shi fari, kada ka sake tako gidan nan."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a hammata ya fita. Inna ta ɗauki ledar da ba komai a ciki ta shige ɗakinta da ita. Ni kuma na ɗora ruwa a wuta, na zuba tufafin aikin Maigida a ciki, na tsaya ina juyawa da sanda har ruwan ya yi baƙi.