Tawul a Turmi na Goma Sha Ɗaya

Ta madubi mai aski ya lura an zagaye wata lamba da jan biro a jaridar da Ticha ya shigo da ita. Bai buƙaci matsawa kusa ba. Ya san lambar, ɗaya ce, kuma shekara ashirin da shida ke nan tana bin sa kamar ƙuda ya ga miki.

Ticha tsohon malamin lissafi ne. Ba aski ke kawo shi shagon ba, don sanƙo ya daɗe da sauwaƙe masa wannan hidimar. Gardama yake zuwa yi, abokin gardamar kuwa Direba ne, wanda ke kan benci yana jiran a gama gyaran motarsa a garejin da ke tsallaken titi.

"To, magana ta ƙare," in ji Ticha. "An jera gwanayen damben zamani goma. Katanga na ɗaya, Guduma na biyu. Sabon zauren dambe ma sunan Katanga za a sa masa."

"Su wa suka jera?" in ji Direba.

"Masu ilimi."

"Masu ilimin da ko mari ba su taɓa sha ba."

Ticha ya gyara tabarau. "Katanga dambe talatin da takwas ya yi, ba a taɓa cin sa ba. Guduma shi ma talatin da takwas, amma an ci shi sau ɗaya. Sifili da ɗaya, ko ɗan aji ɗaya zai raba maka."

"Da su wa Katangan ya yi? Tsofaffi aka riƙa ɗauko masa, saura kaɗan wani ya shigo fage da sanda. Guduma kuwa mutum ashirin da tara ya shimfiɗe, biyar cikinsu masu kambu. Sau biyu ana sa musu ranar karawa, sau biyu kafaɗar Katanga na tashi da ciwo."

"Takarda ba ta san ciwon kafaɗa ba. Shekara goma sha ɗaya Katanga yana riƙe da kambu. Naka uku ya yi, ya ajiye dambe yana ɗan ashirin da tara. Ga yayansa nan, tambaye shi."

Mai aski ya ci gaba da kaɗe gashi daga bakin kilifa, ko da yake babu sauran gashi a jiki.

Guduma ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk damben da ya yi, mai aski ne a kusurwarsa. Shi ke ba shi ruwa, shi ke tsayar masa da jini idan gira ta fashe, shi ke riƙe da tawul. A ƙa'idar damben zamani, idan mai kusurwa ya jefa tawul cikin fage, ya sallama ke nan a madadin ɗan dambensa, ko da shi ɗan damben yana tsaye daram. Abin da kowa ya sani shi ne, a turmi na goma sha ɗaya na karawar Guduma da wani bahago, saura turmi guda a tashi, Guduma na gaba a takardun alƙalai duka uku, yayansa ya hango mutuwa a idonsa ya jefa tawul. Wasu sun zage shi, amma yawanci cewa suke jini ya fi kambu.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, bai hango komai ba. Bahagon nan sau uku yana sakin naushi ƙasan ɗamara, rafali yana kau da kai. A na ukun zuciya ta ɗebi mai aski, ya ɗura wa rafali ashar, ya wurga masa abin da ke hannunsa. Sai da abin ya sauka a tsakiyar fage, fari fat, sannan ya gane ko mene ne. Kafin ya buɗe baki rafali ya shiga tsakani ya ɗaga hannun bahago.

A ɗakin canza kaya Guduma bai yi faɗa ba. Yana zaune ana kwance masa safar dambe ya ɗago ya ce, "Yaya, me ka gani?" Da ya zage shi, da wataƙila gaskiya ta fito. Amma tambayar mai yarda ce, sai mai aski ya ji bakinsa yana cewa, "Idonka ya juye, ƙafarka ta mutu." Wata guda bayan nan Guduma ya rataye safa. Ya ce idan idon Yaya ya ga ya ƙare, to ya ƙare. Ya buɗe shagon kayan gini, ya yi aure, ya yi tumbi.

Ana cikin gardamar ƙofa ta yi duhu, sai ga Guduma ya sunkuyo ya shigo, kamar yadda ya saba duk ƙarshen mako.

"Ɗan halak," in ji Direba. "Zo ka ji Ticha yana neman kayar da kai da biro."

"Ku bar Ticha, shi kaɗai ne bai taɓa gudu na ba." Ya zauna a kujera, ta yi ƙara. "Yaya, a gyara ni da kyau. Gobe ne buɗe zauren, kuma an ce sai na yi jawabi. Katanga da kansa ya bugo ya roƙe ni."

"Kafaɗar ta warke ke nan," in ji Direba.

Suka yi dariya har da Ticha. Can makanike ya yi fito daga tsallake, Direba ya tashi, Ticha ya bi shi da jarida don bai gama kawo hujjojinsa ba. Shagon ya rage daga su biyu sai fanka.

Mai aski ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya shafa kumfa, ya sa sabuwar reza. Guduma ya zaro wata takarda daga ƙarƙashin ƙyallen, ya nesanta ta da ido.

"Babbar 'yarka ce ta rubuta mini, ni na faɗa tana gyarawa. Saurara." Ya karanta a hankali, yana tuntuɓe da kalmomi. "Ana cewa an ci ni sau ɗaya. Ni ba na jin kunyar wannan ɗayan. Duk nasarata talatin da bakwai hannuna ne ya kawo, amma ɗayan nan yayana ne ya ba ni, kuma da ita na ga auren 'ya'yana." Ya sauke takardar. "Daga nan zan ce ka miƙe a tafa maka. Ka sa rigar kirki, don Allah, ba wannan mai warin sabulu ba."

Mai aski ya ɗora reza a kumatun dama, ya ja ƙasa. Ya hango kansa tsaye a tsakiyar zaure, jama'a na tafi, Katanga na tafi, 'ya'yan ƙaninsa na nuna shi. Shekara ashirin da shida yana karɓar godiyar nan kaɗan-kaɗan: buhun siminti lokacin da yake gini, kujerar gaba ranar biki, babban ɗa da aka sa wa sunansa. Duk ya haɗiye. Amma wannan lomar ta fi ƙarfin maƙogwaronsa.

"Auta," ya ce. Shi kaɗai ya rage a duniya mai kiransa haka.

"Na'am, Yaya."

"Cire wurin nan daga takardar."

"Kai dai da kunya kamar amarya."

"Ba kunya ba ce. Ban jefa tawul don na cece ka ba. Rafali na jefa."

Guduma ya yi murmushi cikin kumfa, yana jiran ƙarshen barkwancin. Mai aski bai dubi madubi ba. Ya tsura wa rezar ido ya faɗi komai, tun daga naushin ƙasan ɗamara har ashar ɗin da ya yi, da yadda ya manta abin da ke hannunsa. Ya yi mamakin gajartar labarin. Abin da ya danne shi rabin rayuwarsa bai kai tsawon askin gemu ba.

Fanka ta juya ta dawo. A tsallake aka tada motar Direba, ta mutu, aka sake tadawa.

"Idon nawa fa?" in ji Guduma.

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ƙafar?"

"Ban taɓa ganin ka tsaya da kyau kamar ranar ba."

Guduma ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya dubi hannuwansa a kan cinya, ya dunƙule na dama, ya buɗe. Mai aski ya tsaya da reza, yana fatan a zage shi, ko a tashi a kai masa naushin da mutum ashirin da tara suka sha. Sai ya ga ƙanin nasa ya karkatar da kai ya ba shi kumatun hagu, wanda ba a aske ba.

Ya aske. Ya bi ƙasan haɓa, ya bi gefen kunne, ya kauce wa wani tsohon tabo na muƙamuƙi da shi da kansa ya taɓa ɗinkewa. Bai yanke shi ko kaɗan ba. Ya goge sauran kumfar, ya kwance ƙyallen.

"Idan kana so, gobe ni zan tashi in faɗa a gaban kowa," ya ce. "Ko mu je gidan jarida. Ka ce wani abu, Auta."

Ya juya wajen kanta don ɗauko man shafawa, ya daɗe yana lalube tsakanin kwalaben da ya san wurin kowace. Ya ji kujera ta yi ƙara. Ko da ya waiwayo, Guduma ya riga ya sunkuya ya fita, yana ninke takardar yana turawa aljihu. Ya tsaya a bakin titi har wata babbar mota ta wuce, sannan ya tsallaka. Direba ya ɗaga masa hannu daga gareji, bai gani ba, ya bi gefen shaguna a hankali har kwana ta ɓoye shi.