Hannun Dakta Mas'ud da Haƙorin Hajara

Wata uku ke nan Dakta Mas'ud, mai ɗan asibitin haƙori a Tudun Wada, yana ɓoye wa jama'a cewa yatsu uku na hannun damansa sun daina ji. Shekara goma sha huɗu na riƙon filaya sun matse masa jijiya a wuyan hannu. Likitar gashin ƙashi a Kano ta ce tausa da hutu. Abokinsa ya ce tiyata. Surukarsa kuwa ta rantse jifa ne. Bawan Allah ya rasa ta wa zai ɗauka, sai ya ƙi ɗaukar ta kowa, ya ci gaba da aiki cikin fargaba.

Ranar Laraba wata tsohuwar Bafulatana, Hajara, ta taho daga rugarsu ta wajen Doguwa, kunci a kumbure. Ya yi mata allura, ya ɗauki filaya. Filaya ta suɓuce, ta faɗi ƙasa. Ya ɗauko wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

"Miƙo hannun nan, ɗana," in ji Hajara.

Kafin ya yi musu ta kama tafinsa, ta danna da manyan yatsunta, ta murza zuwa wuyan hannu, ta tanƙwara yatsun baya a hankali. Kansa ya ɗaure. Wannan fa shi ne abin da likitar Kano ta nuna masa, har da zane a takarda! Yanzu waye likita a ɗakin nan?

"Inna, wa ya koya miki?"

"Tatsar shanu. Duk matan rugarmu mun san ciwon nan."

Yatsun suka ɗauki ɗumi, ji ya fara dawowa. Da murna ya rarumo filaya ta uku. Hajara ta rufe bakinta gam.

"Haba Inna! Ai ya warke. Ki duba nisan da kika taho."

"Bai warke ba, lallashinsa na yi. Ka hutar da shi. Ni ma an faɗa mini, na ce wa zai tatsar mini."

Ta buɗe masa tafin damanta. Tsokar gindin babban yatsa ta lotsa, yatsan ya ƙanƙance. Danna masa kawai ta iya yi da shi, ko allura ba zai riƙe ba.

Ta gyara mayafinta da hagu, ta fita dafe da kuncinta. Mas'ud ya daɗe yana kallon nasa tafin. Sannan ya ajiye filayar, ya leƙa wajen mutum shida da ke jiran layi a benci, ya gaya musu gaskiya.