Mai Lamba Takwas

Da safen nan manajan kulob ya riƙe wa Lamont ƙofa, har ya tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa. Tun zuwan Lamont wannan kulob na ƙwallon kwando a Texas yake ɗumama benci, ba a sa shi a wasa, mutumin bai taɓa kiran sunansa daidai ba. Lamont ya yi murmushi ya wuce, yana ganin ya san dalili.

Duk garin maganar ɗaya ce: kwantiragin shahararren ɗan wasa Terrell Vance ya ƙare a kulob ɗinsa, kuma nan zai dawo. Vance bai taɓa sa riga ba sai mai lamba takwas, har zanenta ke wuyansa. Takwas kuwa a nan ta Lamont ce. A al'ada, babban ɗan wasa in ya tarar da lambarsa a jikin wani, sai ya saya, da agogon zinariya ko abin da ya fi. Lamont mota yake so. Ya ma riga ya kai mahaifiyarsa ta zaɓi launi.

"Mota?" in ji Reggie, dogon da ke zama kusa da shi a ɗakin canza kaya. "Yaro, rigar nan ko gumi ba ta sani ba."

"Shi ya sa za ta yi tsada. Sabuwa ce fil."

Wayar Lamont ta yi ƙara, wakilinsa ne. Ya kashe. Ba zai ba kowa kamasho a cinikin da zai iya da bakinsa ba.

Can sai ga Vance, ya nufo shi kai tsaye ya rungume shi.

"Ɗan'uwa, na gode. Ba don kai ba, da ban zo ba."

Lamont ya gyara murya. "Ba komai, babban yaya. Sai dai lambar nan ta shiga raina. Kakana ma..."

"Wace lamba?"

"Takwas mana. Ƙasa da mota dai, gaskiya..."

Vance ya dubi Reggie. Reggie ya dubi wayarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Mutumina," Reggie ya ce wa Lamont a hankali, "an yi musayarka. Sai da suka sauke albashinka kafin kuɗin Vance ya shiga. An tura ka wani kulob can kusa da Kanada. Ka nemi rigar sanyi."

Vance ya shiga sosa wuya.

"Amma kar ka damu," Reggie ya ƙara, yana latsa waya, "akwai takwas a can ma. Kyaftin ɗinsu ke sa ta. An ce yana son agogo."

Wani ya tuntsire da dariya ya mai da ita tari. Lamont ya zura takalmansa a jaka, ya ɗauki ragowar gasasshen naman da ya ajiye a firij, ya bi ta ƙofar baya.