Kwandon Sharar da ke Cikin Kwamfutar Malam Dalhatu

Malam Dalhatu ya ɗauko kwamfutarsa daga Kahu zuwa Rano a kan babur, naɗe cikin sallaya. Washegari da hantsi tsohon malaminsa, Malam Gwadabe, zai rera masa waƙoƙin wa'azin da ya gada a ka, waɗanda ba wanda ya taɓa rubutawa. Da ƙyar tsohon ya yarda a naɗi muryarsa, ga jiki ya yi rauni. Ita kuwa kwamfutar ta cika, ta ƙi karɓar komai.

Ƙanwarsa Lubabatu, mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, ta duba ta ce tarkace ne. Duk manhajar da aka saka, fayil ɗin da ya kawo ta yakan zauna a banza, kamar buhu bayan an zuba taki a gona. Ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, sai ta buɗe manhaja ta ga tana aiki kafin ta goge buhunta. Waɗanda ba ta gane ba ta ƙyale su, ta ce kwamfuta kan neme su in za ta gyara kanta.

Wurin da aka samu bai isa ba. Saura babban cikinsu, wanda ya kawo manhajar Alƙur'ani. Ta fara jan sa zuwa hoton kwandon shara.

"Luba, ina za ki kai shi?"

"Yaya Malam, kwandon nan fa zane ne. Ko ɓawon gyaɗa babu a ciki."

Ya tambaya ko ayoyin suna cikin fayil ɗin. Ta ce suna ciki. Shi da ko guntuwar takarda mai bisimilla ya tsinta a hanya sai ya soke ta a jikin katanga, ya ce ba da shi ba. Ta tuna masa Malam Gwadabe ba lallai ya sake yarda ba. Ya ce ya sani, yana kallon allon kwamfutar.

Can ta jawo faifan CD daga aljihun tebur ta kwafe fayil ɗin, ta saka faifan ta nuna masa yana buɗewa. Ta ce akwai gogewar da ba ta bi ta kwando. Ya tambaya ina haruffan kan tafi in an goge su haka, don ruwan allo dai an san inda ake kai shi. Ta ce gaskiya ba ta sani ba.

Ya fita tsakar gida ya yi alwala, ya dawo ya ce ta nuna masa maɓallan, shi zai danna da hannunsa.

Da hantsi Malam Gwadabe ya rera har azahar ta kawo jiki, yana tari yana ci gaba. Kwamfutar ta ɗauke duka, har da tarin.